BABI NA UKU: TARIHIN SABUNTA YAƁEN GIDAJE A KARKARAR AREWACIN KANO

3.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano ya san cewa ba a gama ginin ƙasa a koma gefe a huta. Bango yana da riga, wato yaɓen da aka lulluɓe tubali da shi, kuma wannan riga ce ruwan damina yake fara ci kafin ya kai ga tubali. Saboda haka akwai tambayar da kowane maigida yake fuskanta idan rani ya yi nisa: shin yaɓen bara zai iya ɗaukar daminar bana, ko kuwa sai an sabunta shi? Wanda ya yi kuskuren amsa wannan tambaya yana iya rasa ɗaki ko rumbu, wani lokaci ma har da rai.

A wannan babi za a bi tarihin yadda mutanen wannan yanki suka riƙa amsa wannan tambaya tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za a duba kayan da ake yaɓe da su, da tsawon lokacin da kowanne yake ɗauka kafin ya lalace, da kuma sauye-sauyen da zuwan kwano da siminti da fenti suka kawo. Abin da babin yake son nunawa shi ne, sababbin kayan sun ƙara wa bango tsawon kwana, amma sun raunana al'adar duba shi kowace shekara, wadda ita ce ainihin abin da yake tsare gida.

Kafin a shiga bayani yana da kyau a bambance kalmomi uku. Yaɓe ya fito ne daga aikatau yaɓa, kuma yana nufin manna kwaɓaɓɓiyar ƙasa a jikin bango ko a kan soro. Shafe shi ne bi ta kan yaɓe da wani abu mai ruwa-ruwa kamar makuba ko farar ƙasa, kuma da siminti ya zo sai aka ba wa aikinsa wannan suna. Fenti kuwa kalmar aro ce daga Ingilishi, ana nufin launin kanti da ake shafawa da buroshi.

3.1 Yanayin Ƙasa da Zaman Jama'a

Yankin da ake magana a kansa ya ƙunshi ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bici da Bagwai da Tsanyawa da Kunci da Makoɗa da Ɗambatta. Mafi yawansa yana cikin kewayen da Mortimore da Wilson (1965) suka bayyana a matsayin yankin Kano mai cunkoson jama'a, inda ake noma kusan kowace gona duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Wannan cunkoso ya daɗe. Lokacin da Heinrich Barth ya biyo hanyar Katsina zuwa Kano a farkon shekarar 1851, ya ratsa ta Bici, kuma ya ba da labarin gonaki da ƙauyuka da manyan itatuwa da ya yi ta gani a hanya.

Ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma ya fi ƙarfi a watan Agusta, lokacin marka. Sauran watannin shekara kuwa rani ne, da hunturunsa da bazararsa. Ƙasar yankin galibi jigawa ce, kuma yawan rairayinta yana ƙaruwa idan aka nausa arewa wajen Kunci da Makoɗa da Ɗambatta. Ƙasa mai danƙo wadda ta dace da gini sai a fadamu da bakin kududdufai da wuraren da ake samun jar ƙasa da marmara.

Cunkoson jama'a ya shafi sha'anin yaɓe ta hanyoyi uku. Na farko, babu dajin da mutum zai shiga ya haƙi ƙasa yadda ya ga dama, domin kusan kowane taƙi yana da mai shi. Na biyu, kashin dabbobi da ake sa wa ƙasar yaɓe shi ne kuma takin da gona take jira, don haka kowane mangala ɗaya da ya tafi bango, gona ce ta rasa shi. Na uku, itatuwan da ake samun kayan shafe daga gare su, musamman ɗorawa, suna cikin gonaki ne kuma mallakar mutane ne, har ma ana gadonsu.

3.2 Abubuwan da Suke Cin Bango

Magina sun san cewa bango ba ya lalacewa bai ɗaya. Hadarin wannan ƙasa daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, saboda haka bangon da yake fuskantar gabas shi ne ruwa ya fi duka. Sau da yawa za a ga bangon gabas ya zaizaye har tubali ya fito, alhali na yamma yana nan da yaɓensa. Wannan ne dalilin da ya sa a gida ɗaya akan yi wa wani ɓangare yaɓe duk shekara, wani ɓangaren kuwa a tsallake shi.

Bayan bangon gabas, wuraren da suka fi saurin lalacewa su ne kan katanga, da rawanin soro, da zankwaye, da ƙarƙashin indararo inda ruwa yake zuba, sai kuma gindin bango. Gindin bango yana shan wahala biyu: ruwan da yake fantsama daga ƙasa, da kuma danshi mai gishiri da yake hawowa yana mayar da ƙasa gari. Haka kuma awaki da tumaki suna goga jiki suna lasar wurin. Gara ma tana da nata rabon, domin tana bin cikin bango ta cinye ciyawar da aka kwaɓa ƙasa da ita, ta kai ga azara. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. To, a ginin ƙasa abin da ake tsoron shigarsa shi ne ruwa, domin tsaga mai faɗin tsinke ta ishe shi ya jiƙa tubali ta ciki.

3.3 Kayan Yaɓe na Gargajiya da Tsawon Kwanansu

3.3.1 Yaɓen Ƙasa

Wannan shi ne yaɓen talaka, kuma shi ya fi yawa. Akan haƙo ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin doki ko na jaki ko na shanu, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko fiye ta ruɓa, sannan a sake kwaɓawa. Ciyawa tana hana yaɓe tsagewa idan ya bushe, kashin dabba kuma yana ƙara masa danƙo. Ana yaɓa shi da hannu, shi ya sa ake ganin sawun yatsu a jikin tsofaffin katangu. Irin wannan yaɓe ba kasafai yake wuce damina ɗaya ko biyu ba a bangon gabas da kan soro, musamman inda ƙasar ta cika rairayi. Don haka mai irin wannan gida aikinsa na shekara-shekara ne.

3.3.2 Makuba

Makuba ita ce ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Idan ɗorawa ta nuna a bazara, mata sukan fitar da garinta, su ware kalwa don yin daddawa, ɓawon da ya rage kuma a daka shi ko a jiƙa shi cikin ruwa har ruwan ya rine ya yi ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓe ta ƙarshe, ko kuma a yayyafa shi a kan yaɓen da aka riga aka yi, a bi da hannu a goge. Yana ƙarfafa fuskar bango ta yadda ruwa zai riƙa zamewa maimakon ya shiga, kuma shi yake ba wa tsofaffin soraye launin nan nasu mai duhu. Inda babu makuba akan yi amfani da ruwan bagaruwa, wadda ita ce majema suke jima da ita. Bangon da ya sha makuba sosai yana iya ɗaukar damina biyu zuwa uku kafin ya nemi sabo. Abin lura a nan shi ne, makuba tana samuwa ne daidai lokacin da ake buƙatarta, wato 'yan makonni kafin faɗuwar ruwa.

3.3.3 Laso

Laso shi ne simintin Bahaushe. Ana haɗa shi ne da abubuwa uku: katsi, wato dagwalon da yake taruwa a gindin karofi wanda ake kwashewa a busar a ƙona a daka, da gashin jima da ake kankarewa daga fatun awaki, da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) duk sun yi bayaninsa a cikin ayyukansu kan gine-ginen ƙasar Hausa. Shea (1975) kuma ya nuna cewa da laso ake shafe cikin ramukan rini, abin da ya ba marinan Kano damar haƙa manyan ramuka masu riƙe ruwa. Abin da ya iya riƙe ruwan baba shekara da shekaru ba zai kasa tare ruwan sama ba, shi ya sa ake sa shi a kan soro da rawani da bakin indararo. Laso mai kyau yakan kai shekara biyar ko fiye. Sai dai yana da tsada, kuma sai inda akwai marina da majema a kusa. A ƙarni na 19 wannan bai zama matsala ba, domin karofi ya bazu a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Kano, ba a birni kaɗai yake ba.

3.3.4 Farar Ƙasa

Farar ƙasa ta ado ce da tsabta, ba ta kare bango daga ruwa. An fi shafa ta a cikin ɗaki da zaure da fuskar ƙofar gida, kuma galibi aikin mata ne, kamar yadda daɓe yake nasu. Idan a waje aka shafa ta, damina ɗaya take wanke ta. Lokutan shafa ta sun fi bin al'amuran rayuwa: ƙaratowar salla, da kawo amarya, da suna, da dawowar alhaji.

3.4 Lokacin Yaɓe da Masu Yin Sa Kafin Zuwan Turawa

Ya kamata a fahimci cewa a ƙarni na 19 ba kowane gidan ƙauye ne yake da katangar ƙasa ba. Yawancin talakawa suna zaune ne a ɗakunan da aka yi wa jinka, kewaye da dangar kara ko zana. Soro da shigifa da doguwar katanga an fi samunsu a gidajen masu sarauta da attajirai da manyan malamai, da kuma garuruwa masu ganuwa. Amma ko mai danga bai tsira daga aikin shekara ba, domin danga tana son sabon kara bayan kowace kaka, jinka tana son baibaya, bangon ɗaki da rumbu kuma suna son yaɓe. Wato dai gyaran gida wani sashe ne na aikin shekara, kamar sharar gona da kai taki.

Aikin yana da zango biyu. Zango na farko bayan kaka ne, lokacin da aka gama ɗaurin hatsi, akwai ƙaiƙayi da kara, akwai sauran ruwa a kududdufi, kuma hannu ya samu sarari. A nan ne ake yin tubali, a ɗaga abin da ya faɗi, a cike gindin bango. Zango na biyu a bazara ne, inda ake hawa soro a toshe tsaga, a gyara indararo, a shafa makuba. Wasu sukan jira yayyafin farko ya nuna musu inda yake yoyo. Wanda ya wuce wannan lokaci ya makara, domin da zarar an yi shuka babu mai barin gona ya hau bango, kuma yaɓen da aka yi cikin marka ba ya bushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu yin aikin su ne mutanen gida. A tsarin gandu, maigida yana da ikon tara ƙannensa da 'ya'yansa su yi aikin gida kamar yadda suke yin na gona, a gidajen masu hali kuma bayi da barori ne suke yi. Yara suna ɗebo ruwa, jakuna suna kawo ƙasa, mata suna tanadin makuba. Idan aikin ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, maigida ya ba da fura da tuwo da goro, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magini na sana'a ba a kiransa sai a aikin da yake son gwaninta, kamar ɗaurin guga da laso da zanen fuskar zaure. Masallaci da ganuwa kuwa aikin gari ne gaba ɗaya, wanda masu sarauta suke rarraba wa unguwanni bayan damina. Irin wannan al'ada tana nan da ranta a garin Jenne na ƙasar Mali, inda jama'a suke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu wanda aka sake ginawa a shekarar 1907.

Daga wannan bayani za a ga cewa a wancan zamani yaɓe bai dogara da kuɗi sosai ba. Abin da yake ci shi ne ƙarfi da lokaci da yawan hannu. Kuma tun da dole ne a taɓa bango duk shekara, babu tsagar da za ta yi shekara biyu ba a gan ta ba.

3.5 Zamanin Turawa, 1903 Zuwa 1960

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na shekarar 1903. Abu na farko da ya faɗi daga tsarin gyaran shekara shi ne ganuwa, domin da yaƙi ya ƙare babu sauran dalilin tara mutane a kanta. Ganuwoyin garuruwa suka fara zaizayewa, mutane kuma suka mayar da su wurin ɗibar ƙasar gini. Haka nan mutuwar bauta a hankali ta rage wa manyan gidaje hannayen da suke yi musu yaɓe.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Jigawar arewacin Kano ta karɓi gyaɗa ƙwarai, don haka kuɗi ya fara shiga hannun manoma bayan kowace kaka. Wannan ya haifar da abu biyu masu karo da juna. A gefe ɗaya, mutane da yawa sun samu halin sauya danga da katanga, su tashi daga ɗakin jinka zuwa soro, wato yawan bangon da yake son yaɓe ya ƙaru. A ɗaya gefen kuma, jirgin da yake kwasar gyaɗa shi ne yake kawo atamfa da akoko da shunin Bature, waɗanda suka riƙa rage wa karofin ƙauye kasuwa. Duk karofin da ya mutu, katsinsa ya mutu tare da shi. Ta haka laso ya fara wuya a karkara tun kafin siminti ya wadata.

Kwano da siminti sun shigo ta wannan hanya, amma a wannan zamani ba su wuce gine-ginen gwamnati da na En'e da kantunan kamfanoni da gidajen 'yan ƙalilan daga cikin attajirai ba. En'e tana da sashen ayyuka da yake kula da makarantu da ɗakunan shan magani da kotunan alƙalai, inda ake yi musu gyara da shafen fari a kai a kai. Daga nan ne farin bango ta waje ya fara zama alamar wayewa a idon mutanen karkara.

3.6 Siminti da Fenti, 1960 Zuwa 1986

Masana'antar siminti ta farko a Nijeriya ita ce ta Nkalagu wadda ta fara aiki a 1957. A Arewa kuwa ta Sakkwato ta fara a 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano, sannan ta Ashaka ta biyo baya a 1979. Tsakanin waɗannan shekaru kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji wanda aka biya a 1975, aka kuma buɗe shirin ilimin firamare na bai ɗaya a 1976, wanda ya kai azuzuwan bulo da kwano ƙauyuka masu yawa. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya samu kuɗi a birni, abin da yake fara yi wa gidansu shi ne ya buga wa ɗakin mahaifinsa kwano, ya shafe fuskar zaure da siminti, ya bi da fenti.

Abin da ya ja hankalin mutane ga siminti a fili yake: an ɗauka cewa an rabu da wahalar yaɓe ke nan har abada. A kan bulo wannan zato yana da ƙamshin gaskiya, domin shafen siminti mai kyau yana iya wuce shekara goma ba a taɓa shi ba. Amma yawancin gidajen karkara ba na bulo ba ne. Tsohon bangon ƙasa ne ake yi wa rigar siminti, kuma waɗannan abubuwa biyu ba sa kama juna da kyau. Zafin rana da sanyin hunturu suna motsa su ba daidai ba, sai siminti ya tsage ko ya saki bango. Ruwa yana shiga ta tsagar, kuma ba ya samun hanyar fita, saboda siminti ba ya barin bango ya sha iska kamar yadda yaɓen ƙasa yake bari. Sai tubali ya yi ta jiƙa a ɓoye, gara tana aikinta, alhali daga waje fenti yana ƙyalli. Magina sun yi dabarar kafa ƙusoshi ko tsakuwa ko ragar waya a jikin bango kafin shafe don ya kama, dabarar tana taimakawa, amma ba ta kawar da matsalar ba. Yaɓen ƙasa a gaban ido yake lalacewa kaɗan-kaɗan, shafen siminti kuwa yakan ɓalle ne falle guda, wani lokaci tare da rabin bango.

Kwano ma ya zo da tasa illar. Indararo yana harba ruwa nesa da bango, amma kwanon da aka yi wa gajeren baki don tsimin kuɗi yana zubar da ruwan ne a gindin bango, inda ya fi rauni.

A daidai wannan lokaci hannayen da suke yin yaɓe suka ragu. Gandu ya riƙa watsewa, samari suna tafiya cin rani Kano da Kaduna da Legas a watannin da a da ake gyaran gida, yara suna makaranta. Madatsun ruwa irin su Tomas da Watari sun kawo noman rani, wanda alheri ne, amma ya cinye lokacin da a da babu aikin gona. Aikin da ake yi da gayya ya koma na lada. Daga nan tambayar ta tashi daga "yaushe bango yake son gyara" ta koma "yaushe za a samu kuɗin gyara".

3.7 Shekarun Fari da Daminar 1988

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ragu a duk faɗin wannan yanki, aka yi babban fari a 1972 zuwa 1973, aka sake yin wani a 1983 zuwa 1984. Fari ya shafi yaɓe ta fuska biyu. Ya kashe dabbobi da itatuwa, ciki har da ɗorawa, ya kuma busar da kududdufai da wuri, don haka kayan yaɓe suka yi ƙaranci. Sannan ƙarancin ruwa ya sa bango yana daɗewa bai nuna lalacewa ba, sai mutane suka saba da tsallake shekara biyu ko uku ba su hau soro ba, kuma ba abin da ya faru. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, siminti da fenti suka yi tsada. Gidaje da yawa suka tsaya a tsakiya: sun bar makuba, siminti kuma ya fi ƙarfinsu.

A cikin wannan hali ne aka yi daminar 1988. A watan Agusta na wannan shekara an yi ruwa mai yawan gaske a Kano da kewayenta, madatsar ruwa ta Bagauda da take kudu da birni ta ɓalle, gidaje masu ɗimbin yawa suka rushe a birni da ƙauyuka, aka yi asarar rayuka da dukiya. Gaskiya ne cewa ruwa irin wannan yana iya kayar da ginin da aka kula da shi. Amma kamar yadda aka gani a 3.2, ruwa ta wurin rauni yake shiga, kuma shekarun fari sun bar rauni mai yawa. Daga shekarun 1990 damina ta riƙa farfaɗowa, kuma labarin rushewar gidajen ƙasa a watan Agusta ya zama abin da ake yawan ji a Jihar Kano.

Akwai wani nau'in gida da ya fi shiga haɗari, wato gidan gado da ba a raba ba. Kowane magaji yana gyara ɗakinsa, amma zaure da katangar waje ba su da mai su. Haka katangar da take tsakanin maƙwabta biyu, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Irin wannan magana takan kai gaban mai unguwa ko dagaci, kuma sau da yawa ba a kai ta sai bayan bango ya faɗi.

3.8 Bayan Wane Lokaci Ya Kamata a Sabunta?

Idan aka tattara abin da tarihi ya nuna, za a iya tsara amsar kamar haka, bisa kimantawa:

(a) Yaɓen ƙasa: kowace shekara a bangon gabas da kan soro da gindin bango, sauran wurare bayan shekara biyu.

(b) Yaɓe mai makuba ko bagaruwa: bayan shekara biyu zuwa uku.

(c) Laso: bayan kimanin shekara biyar, inda ake iya samunsa.

(d) Farar ƙasa a waje: bayan kowace damina.

(e) Shafen siminti a kan bangon ƙasa: ba shi da adadi. Akan ƙwanƙwasa shi kowace bazara, inda ya yi amon kwarya a fasa a sake.

(f) Fenti a kan siminti: na ruwa yakan dushe cikin shekara biyu zuwa huɗu saboda rana da ƙurar hunturu, na mai yakan ɗan fi shi daɗewa. Ba a shafa sabo sai an kankare tsoho an toshe tsaga, kuma sai bango ya bushe sarai.

Wannan lissafi yana sauyawa gwargwadon irin ƙasar da aka yi aiki da ita da kuma ƙarfin daminar da ta wuce. Abin da ba ya sauyawa shi ne zagayen bazara, wato maigida ya kewaya gidansa ya duba kan katanga da indararo da gindin bango kafin hadari ya fara haɗuwa.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin sabunta yaɓen gidaje a karkarar arewacin Kano. An ga cewa a ƙarni na 19 aikin yana tafiya ne tare da shekarar noma, kayansa daga gona da karofi da majema suke fitowa, masu yin sa kuma mutanen gida ne da maƙwabta. An ga yadda jirgin ƙasa da gyaɗa suka ƙara yawan katangu suka kuma rage laso, da yadda siminti da fenti suka tsawaita lokacin gyara amma suka mayar da shi na kuɗi, suka kuma ɓoye lalacewar bango daga ido. An kuma ga yadda shekarun fari suka kawo sakaci wanda daminar 1988 ta tona. A yau gidajen bulo suna ƙaruwa a bakin manyan hanyoyi da cikin garuruwa irin su Bici da Ɗambatta, amma a ƙauyuka har yanzu ɗimbin jama'a a cikin ginin ƙasa suke kwana. Ga irin waɗannan gidaje, ko da makuba aka shafe su ko da siminti, duba bango sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar ruwa shi ne mafi arhar gyara, domin rigakafi ya fi magani. A babi na gaba za a duba kalmomi da karin maganar da sana'ar gini ta samar a wannan yanki.